Ƙwan da Ba Ya Zafi

Duk wanda ya san layin bayan tsohuwar kasuwa a Kontagora ya san Khalilu, ko yana so ko ba ya so, domin Khalilu ba ya bari a wuce shi ba a san shi ba. Shi ya raɗa wa kansa suna Injiniya, babu rago babu liman. Asalin abin kuwa, ya taɓa zuwa Abuja cirani, ya yi 'yan watanni yana riƙe wa masu aikin wuta tsani. Tun da ya dawo ba a sake ganin aljihun gabansa babu jar testa ta gwada wuta a soke ba, ko da masallaci za shi. Idan fanka ta tsaya a rumfar mai shayi, sai ya ɗaga ido ya dube ta, ya girgiza kai ya ce, "A Abuja wannan wasan yara ne." Amma ba ya taɓa ta. Rashin taɓawar nan shi ya rufa masa asiri shekara da shekaru.

Haya yake yi shi da matarsa Ruka a gidan Mama Tabita, wata dattijuwa mai kiwon kaji, wadda ta fi tausayin kajinta a kan 'yan hayarta, kuma ba ta ɓoye wa kowa. Akwai Tsado a ɗakin kusa da nasu, Banufe mai tuƙa keke mai ƙafa uku, wanda bakinsa ya fi kekensa gudu. Sai Vivian mai gyaran gashi a shagon ƙofar gida.

Ran wata Asabar cikin marka, ruwa ya kwana yana zuba, gari ya waye da sanyi mai ratsa ƙashi. Mama Tabita ta sha zanen Zumuntar Mata za ta taro Mashegu, ɗanta Shadrach ya kawo motar da zai kwashe su yana jira a waje. Jiya-jiya aka kawo mata sababbin 'yan tsaki, ta zuba su a wani ƙaton kwali cikin ɗakin ajiya, ta rataya musu ƙwan lantarki ƙasa-ƙasa, kusan yana taɓa kawunansu.

"Ruka, 'yata, zo in bar miki amanar yarana," in ji ta. "Ga abinci, ga ruwa. Abu ɗaya ne kawai, wutar nan kada ta mutu. In kuma ƙwan ya mutu, ki duba…"

Kalmar wuta ta faɗa kunnen Khalilu yana cikin ɗaki. Ya fito da takalmi ƙafa ɗaya.

"Haba Mama! Ana zancen wuta a gidan nan, Injiniya na zaune, sai a kira Ruka? Ruka da ko batir ba ta san kansa da gindinsa ba?"

"Ɗana, ina so in ce in ya mutu akwai…"

"In ya mutu ni zan yi masa sutura, ni zan kawo magajinsa. Ki tafi hankalinki kwance."

Shadrach ya gaji da danna hon, ya shigo yana kakkaɓe ruwa daga kafaɗa. "Oga Khalilu, dama ina nemanka. Gidan da nake ginawa a hanyar Yawuri ya kai wurin sa waya, ban samu mai yi ba. In mun dawo da la'asar na tarar da yaran Mama lafiya, sai mu zauna mu yi magana."

Khalilu ya ji kamar an ba shi sarauta. Gida sukutum! Aikinsa na farko ke nan da ba shi zai riƙe tsani ba. Tun motar ba ta bar layin ba ya fara hango shago da allo a samansa, da sunansa da manyan baƙaƙe, da Tsado yana gaishe shi a tsugune.

Ya shiga ɗakin ajiya da hannu a baya, irin tafiyar masu duba aiki. 'Yan tsakin na ta kai da kawo a kan garin katako, wasu sun miƙe ƙafa suna barci a ƙarƙashin hasken. Ya dubi ƙwan. Irin na da ne, mai haske rawaya, duk ƙura ta rufe shi. Ya kai yatsa ya taɓa, ya janye da sauri yana yarfe hannu.

"Kai! Wannan ai murhu ne! Ruka, zo ki ga ƙauyanci. Ana zamanin nan tsohuwa na gasa bayin Allah da ransu. Ga shan wuta, ga rashin haske. Miƙo mini tsumma."

"Maigida, cewa aka yi kada a bari ya mutu, ba a ce a yi masa wanka ba."

Bai saurare ta ba. Ya tsoma tsumman a ruwan saman da ke bokiti, ya ɗora a kan ƙwan da ke tafasa. Ji kake tas! Ɗaki ya yi duhu, 'yan tsaki suka ɗauki kuka gaba ɗaya.

"Innalillahi! Ka kashe shi!"

"Kwanansa ne ya ƙare," in ji Khalilu, yana ɓoye tsumman a bayansa. "Kuma Allah ne ya kawo. Yau zan mayar da ɗakin nan irin na gidajen gonar Abuja. Shadrach na shigowa ya ga haske, ba zai tsaya ciniki ba."

"To ka cire mataccen ka tafi da shi, a ba ka irinsa."

"Injiniya ba ya yawo da gawa."

Da ya rasa lema, sai ya yaye tamfol ɗin da Ruka ke rufe buhun gawayinta da shi a tsakar gida, ya yafa a ka, ya fice. Ruka na ɗakin ajiya tana tattara 'yan tsaki, ba ta gani ba.

A kasuwa ya tsaya a shagon Nuru mai kayan wuta, ya gyara zaman testa yadda za a gan ta.

"Oga Injiniya, barka da ruwa. Mai fin ko mai murɗi?"

Khalilu bai taɓa sanin gindin ƙwai iri biyu ba ne, domin a Abuja daga ƙasan tsani yake hango su. Amma ya ce, "Kai ma ka san wanda manya ke sawa."

"To ina za a sa shi?"

Nan fa ake yin ta. Ga mutane a shagon suna fakewa, duk sun juyo. Ya ce ɗakin kaji, a gaban jama'a? Ya yi gyaran murya.

"Falon wani babban mutum ne. Kwangila ce. Ba a son a faɗi suna."

"Ashe babban aiki ne." Nuru ya sauko da wani fari ƙal mai ƙaton kai. "Wannan na zamani ne, wat ɗinsa, wato ƙarfin wutar da yake ja, kaɗan ne. Haske kamar rana tsaka, kuma ko kwana ya yi a kunne ba ya zafi. Jariri ma sai ya riƙe shi."

"Shi na zo nema."

Ya dawo gida a jiƙe, ya kira Tsado da Vivian su zo su ga aiki. Ya cire mataccen, ya kai sabon ƙwan bakin holdar da ake maƙala shi, ya murɗa. Bai shiga ba. Ya murɗa hagu, ya murɗa dama, ya tura da ƙarfi har jijiyar wuyansa ta tashi. Tsado ya ɗauki mataccen daga ƙasa ya juya shi.

"Oga Injiniya, wannan kunnuwa biyu gare shi a gindi. Naka kuma gindin kwalba ne. Ko a Abuja haka ake aurar da su dole?"

"Gwada holdar nake yi. Sai an gwada ake sanin lafiyarta."

"To yaya jikin nata?"

"Tayar da keke, malam. Aiki na jira."

Tsado ya kai shi, ba don Allah ba, don kada labari ya wuce shi. Nuru ya canza masa da mai fin. Yana cikin naɗewa sai ya ture wani tsohon kwali da ƙafa, ƙwayaye irin na da suka yi ƙara a ciki.

"Waɗannan fa?" in ji Tsado.

"Tsofaffin yayi ne. Masu kaji kaɗai ke sayensu yanzu."

Tsado ya buɗe baki zai yi magana, Khalilu ya take masa ƙafa.

"Ka ga na yi kama da mai kaji?" ya ce wa Nuru. "Me kuma kake da shi na manya?"

Nuru ɗan kasuwa ne, ya ga kasuwa ta zo da ƙafarta. Ya fito da wani mai rimot, mai canza launi, mai waƙa, wanda ake haɗawa da waya. Khalilu ya karɓe shi ma, ya ce saboda ko-ta-kwana.

Wannan karon farin ya shiga. Ɗakin ajiya ya haske fayau, har gizo-gizon da ke kusurwa sai da asirinsa ya tonu. Khalilu ya dafe ƙwan da tafin hannu, ya juyo yana murmushi.

"Ruka, taɓa ki ji. Vivian, taɓa. Sanyi ƙalau! Wannan shi ake kira ilimi."

Suka taɓa, suka ji sanyi ƙalau. Suka dubi cikin kwali. 'Yan tsakin sun dunƙule a kusurwa ɗaya, wani kan wani, gashinsu ya tashi, suna wani irin kuka siriri mai tsinka zuciya.

"Me ya sa suka taru haka?" in ji Vivian.

"Murna suke yi. Ba su taɓa ganin juna sosai ba sai yau."

"Maigida, rawar ɗari suke yi," in ji Ruka.

"Rashin motsa jiki ne. Kowa ya zauna wuri ɗaya a markar nan dole ya ji sanyi. Bari ku ga."

Ya cire farin ya sa mai rimot, ya haɗa da wayarsa. Ɗaki ya koma ja, ya koma kore, ya koma shuɗi, kiɗa ya tashi daga saman kwali kamar gidan biki. 'Yan tsaki suka watse a firgice, suna karo da bangon kwali, suna faɗawa cikin ruwan shansu. Khalilu ya tafa hannu.

"Kun gani? Jini ya fara gudu!"

Kiɗan ya jawo maƙwabta. Mata suka leƙo ta katanga da tire a ka saboda ruwa, suna tambaya ko suna ake yi ba a gaya musu ba. Matar da Vivian ta bari a shago da gashi rabi a tsefe ta biyo sahu, tana taka rawa a bakin ƙofa. Ana cikin haka kiɗa ya yanke, sai ga muryar Mama Tabita ta sauko daga cikin ƙwan, raɗau. Saƙon murya ne ta turo ta wayar Shadrach, Khalilu ya danna bai sani ba.

"Khalilu ɗana, mun sauka lafiya, mun gode wa Ubangiji. Zuciyata tana kan yarana. Ka hana ni gama magana da safe. Na ce in ƙwan ya mutu, ka duba…"

Tsado ya yi tsalle baya yana salati, a zatonsa tsohuwar ta dawo ta rufin ɗaki. Khalilu kuwa ya ruɗe, ya danna duk abin da yatsansa ya samu a rimot. Murya ta ɗauke, kiɗa ya dawo da ƙarfinsa.

"Mayar mu ji!" in ji Ruka. "Ka duba ina?"

"Na san abin da za ta ce. Ka duba Injiniya, za ta ce. To ga ni." Ya jefa wayar a aljihu.

Amma ko shi ya ga abin ya fara wuce wasa. 'Yan tsakin da suka jiƙe sun koma kusurwa, kukan nasu ya yi ƙasa, wasu sun fara lumshe ido. Ya kashe kiɗan. Yana tauna leɓe, sai idonsa ya faɗa kan ƙaramin farantin solar Tsado a saman kwano. Fuskarsa ta washe.

"Na gano! Tsado, sola daga ina take cin abinci?"

"Daga rana."

"Rana kuma mene ne a cikinta?"

"Zafi."

"To ƙwan da ya shekara yana shan rana, me ka ke zato ya tara a cikinsa? Ɗauko mini na ɗakinka."

"Wallahi ba zan ɗauko ba. Wanda ya haɗa mini ya ce kada in kuskura in sa shi a wutar gari."

"Wanda ya haɗa maka ya taɓa zuwa Abuja?"

Kafin Tsado ya nemo amsa, Khalilu ya faɗa ɗakinsa ya ciro ƙwan. Ya sa shi a holda, ya ce kowa ya matsa, ya yi bisimilla da ƙarfi don a shaida, ya kunna.

Ƙarar da aka ji har rumfar mai shayi. Wani shuɗin haske ya gilma, hayaƙi ya tashi, warin roba ya cika ɗaki. Firjin Mama Tabita ya yi shiru. Rediyon da ke shagon Vivian ya yi shiru. Wutar gidan gaba ɗaya ta ɗauke, alhali ga ta nan tana ci a gidan maƙwabta.

"Ƙwaina!" in ji Tsado, ya ɗora hannu a ka.

"Dirayata ta busar da gashi!" in ji Vivian. "Yesu! Matar nan biki za ta da yamma!"

Mai rabin gashi ta daina rawa. Ta dubi Khalilu sama da ƙasa, ta ɗaura ɗankwali a rabin da ya samu, ta fita da sauri. Duk wanda ya ga tafiyarta ya san labari ne ta ɗauka za ta raba gida-gida.

"Fis ne kawai ya tsinke," in ji Khalilu. "Yanzu zan ɗaure shi."

Akwatin fis ɗin na can sama a bangon zaure, tsani kuwa babu. Ya mirgino turmin Ruka, ya kife, ya hau. Ya zaro jar testa, yau dai ranarta ta zo. Ya kai ta kusa da akwatin yana kau da kai, ido a rufe. Tana taɓa wani ƙarfe sai 'yar fitilar cikinta ta kama, ja wur. Khalilu ya buɗe ido ya gani. Shekara da shekaru yana yawo da ita bai taɓa ganin ta kama ba.

"Wayyo, ta kama wuta!"

Ya yi jifa da ita, turmi ya goce, ya tafi da baya ya zauna daram cikin bahon da Ruka ta tara ruwan indararo. Ruwa ya yi sama ya dawo masa a ka. Wayar da ke aljihunsa, da sauran maganar Mama Tabita a cikinta, ta sha ta ƙoshi.

Ruka ba ta ko dube shi ba. "Bari in hura musu gawayi a kurfoti," ta ce, ta nufi buhu. Sai ta tsaya. Buhun na tsaye cikin ruwa, baƙin ruwa na gangarowa daga gindinsa. "Ina tamfol ɗina?"

Tamfol ɗin na rataye a ƙofar ɗakinsu, yana ɗiga.

Aka aika maƙwabta neman fitilar kananzir, aka ce ai tun bara Injiniya ya zagaya layin yana cewa abin kunya ne a gan ta a gidan mai hankali, kowa ya ba 'yan gwangwan tasa. Tsado ya ce ko an biya shi kuɗin Makka ba zai sake fita ba, kwalbatin bakin layi ta cika ta batse. Tsuntsun da ya ja ruwa dai shi ruwa kan doka.

Khalilu ya shiga ɗaki yana karkarwa. Kayansa duk suna kan igiya, marka ta hana su bushewa. Abin da ya rage busasshe sai babbar rigarsa ta aure, fara, mai aiki har ciki, wadda ya goge ya ajiye don zaman magana da Shadrach. Ya zura ta ya koma ɗakin ajiya.

A ɗan hasken da ke shigowa ta ƙofa ya ga ɗaya daga cikin 'yan tsakin ya faɗi gefe, ƙafafu a miƙe. A karon farko tun safe ya manta da allo da manyan baƙaƙe. Tausayi ya kama shi, tsoro ya kama shi, ya tuna fuskar tsohuwar da ta kira su yarana.

"To Oga Injiniya," in ji Tsado daga bakin ƙofa, "tunda ka kashe musu uwa, sai ka kwanta musu."

Aka kwashe da dariya. Khalilu bai yi ba. Ya ɗauki ɗan tsakon, ya ji shi sanyi kamar ƙanƙara, ya rufe shi da tafukan hannu yana hura masa iska. Ya cusa shi cikin riga, a hammata. Can sai ya ji motsi. Can kuma sai ya ji wani ɗan ƙaramin "tsiyau" daga ƙarƙashin aikin rigar.

Ya dubi Ruka. Ruka ta dube shi.

"Kawo kujerar tsugunno," ya ce a hankali. "Ki rufe ƙofa."

Ta kawo kujera, amma ƙofa ba ta rufu ba, domin Tsado ya riga ya zauna a bakinta. Khalilu ya shiga cikin kwalin da ƙafafunsa, ya zauna, ya baza babbar riga ta sauka ko'ina har ƙasa. Ruka da Vivian suka dinga ɗibar 'yan tsaki suna turawa ƙarƙashi, wasu a cinya, wasu a hannun riga, wasu a aljihu. Aka lulluɓe shi da bargo har wuya. Ruka ta ba shi ɗanyar citta ta ce ya tauna jikinsa ya yi zafi.

"Kada ka motsa," in ji ta. "Ka murƙushe ɗaya, ni da kaina zan kai ƙararka."

Haka ya zauna. Suka caccake shi a ciki, suka yi masa tafiya a haƙarƙari, suka yi abin da 'yan tsaki ke yi a kan farar shadda. Ƙafarsa ta yi sanyi ta mutu. Atishawa ta zo masa, matan biyu suka daka masa tsawa, ya haɗiye ta. Amma kukan ya lafa, sai wani ɗan gurnani mai daɗi ke fitowa daga ƙarƙashin bargo.

Mai rabin gashi kuwa ta yi aikinta. Ruwa na tsagaitawa layin ya cika gidan. Masu shayi, masu faci, har da ladan, kowa na leƙe ta kafaɗar wani. Wata ta tambaya ko a kawo masa tsaba. Tsado ya tsaya a ƙofa yana tsara layi, yana cewa a yi a hankali, mai jego ba ta son hayaniya.

Ana haka aka ji waƙar mata daga bakin layi. Motar Shadrach ce ta dawo, Zumuntar Mata ba su ƙarasa waƙarsu ba, suka ce sai sun raka Mama Tabita har ciki. Ta ga taro a gidanta, ta yar da jakarta.

"Yarana! Me ya samu yarana?"

Jama'a suka dare. Ta tsaya a ƙofar ɗakin ajiya, Shadrach a bayanta, mata masu zane iri ɗaya a bayansa. Ga holda ta yi baƙi tana lilo. Ga ƙwayaye a zube a ƙasa. Ga Injiniya a cikin kwali, bargo har wuya, hawayen citta na bin kumatunsa. 'Yan tsaki kuwa ko ɗaya babu.

"Khalilu. Ina suke?"

Ya ɗaga gefen rigar a hankali. Wani ɗan kai rawaya ya leƙo, wani ya biyo, wani ya fito ta wuyan riga ya tsaya a kafaɗarsa yana kallon baƙi.

Wata daga cikin matan ta ce "Halleluya!" Daga nan dariya ta ɓarke, har ladan sai da ya dafa bango.

Mama Tabita ba ta yi dariya ba tukuna. Ta durƙusa ta duba yaranta ɗaya bayan ɗaya, ta ga babu wanda ya mutu. Sannan ta miƙe, ta miƙa hannu ta saman kan Khalilu, ta sauke wata tsohuwar safa da ke rataye a ƙusa, daidai inda ƙeyarsa ta wuni tana gogawa. Ta zazzage ta. Ƙwai ne irin na da, mai kunnuwa biyu, sabo fil.

"Abin da nake ta so in gaya maka ke nan tun safe," in ji ta. "Ba don su ga hanya na sa musu wuta ba, ɗana. Ina za su? Ɗumi suke nema."

Shadrach ya aika aka kira mai gyara daga bakin titi, ya ɗaure fis, ya canza holda. Hasken rawaya ya dawo. Aka kama Khalilu aka miƙar da shi, ƙafafu sun ƙi ɗaukarsa, rigar aure ta koma taswira. Ya daure ya gyara wuyanta, ya matsa kusa da Shadrach.

"To, yallaɓai, ka ga yara lafiya. Maganar gidan hanyar Yawuri fa?"

Shadrach ya dubi holdar da ta ƙone a hannun mai gyara. "Oga Khalilu, gidan nan da iyalina zan zauna a ciki."

Khalilu ya juya zai tafi ɗaki da sauran mutuncinsa. Ya taka ɗaya, ya taka biyu, sai ya ji ihu a bayansa. Gefen kwalin da ya taka ya ɓalle, 'yan tsakin kuma sun bar ƙwan da aka kunna musu, sun biyo shi a jere ta tsakar gida, suna tsallake taɓo. Ya tsaya, suka tsaya. Ya yi sauri, suka yi sauri.

Sai a lokacin Mama Tabita ta yi dariya, har tana share ido da bakin zane.

"Bar shi, Shadrach, ya samu aiki a wurina. Wuta ba kullum ake kawo ta ba."

Tun daga ranar, da an ɗauke wuta a layin bayan tsohuwar kasuwa, za ka ji muryar tsohuwar ta ratsa katanga: "Ruka! Turo mini uwar yara!" Sunan Injiniya kuwa ya bi ruwan markar nan, ko Ruka ta daina kiransa da shi.

Kada ka ɗauka bakinsa ya mutu. Jiya na same shi a rumfar mai shayi, babu testa a aljihu, da ɗan gashin tsako maƙale a hularsa, yana bugun ƙirji.

"Ku je ku tambayi Nuru," yake cewa. "Duk shagonsa babu ƙwan da ya kai ni wat."